Masuncin da Ba Ya Kawo Kifi Gida

Shekara bakwai Baba Yoila ya yi yana haya a gidanmu na unguwar Fezzan, kuma a cikin shekara bakwai ɗin nan ban tuna ranar da na so ya ƙara ko wata guda ba. Ba don ya taɓa yi mini laifi ba. Da ma laifin ya yi, da na huta. Mutum ne mai gaisuwa, mai share ƙofar ɗakinsa da sassafe, ba ya shan komai, ba ya tara baƙi. Ni kuwa Aisa, tun ina yarinya ba na sakin jiki da mutumin da aka rasa aibinsa, don na san irin wannan akwai abin da ya binne.

Abin da na iya tattarawa a kansa ba shi da yawa, kuma duk da ƙyar na samo. Mutumin Shaffa ne, daga kudancin Borno. Ya yi shekara talatin da biyu a gidan waya yana rarraba wasiƙu, har ya yi ritaya. Matarsa Phebe, wadda aka ce tela ce, ta rasu kafin ya zo wurinmu. 'Yarsa ɗaya, Ketura, tana koyarwa a Jos. Ranar da ya tare ya zo da gado ɗaya, da rediyo, da littafin addininsa, da gwangwanayen biskit guda goma sha ɗaya. Gadon ya bar wa mai keke ya sauke, amma gwangwanayen da hannunsa ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya, bai yarda kowa ya taɓa ba. Ina tsaye a bakin madafa ina ƙirgawa.

Kwana uku da zuwansa ya same ni a bayan gida, inda nake kiwon kaji da zabi da nake kai wa masu figa a kasuwar Gamboru. Ya cire hula ya gaishe ni.

"Wushe, Ya Aisa. Don Allah idan kin yanka zabo kada a zubar da gashin. Na wuya da na ƙirji nake so, masu ɗigo-ɗigon nan."

Na tambaye shi me zai yi da gashin zabo. Ya ce kifi zai kama.

To, ni aka faɗa wa wannan magana. Maigidana, Ba Ajimi, shekara ashirin da biyar ya yi yana fataucin banda daga Baga, kwali-kwali, har warin kifi ya zauna a bangon gidan nan. Na san kifi yana cin tana, yana cin hanjin kaza, tarwaɗa har sabulu tana haɗiya. Amma gashi ban taɓa ji ba. Na yi masa murmushi na ce babu komai, zan ajiye masa. A zuciyata na ce gara in riƙa ba shi da hannuna in san abin da ya karɓa, da ya riƙa tsinta a bayan idona. Na baƙar kaza kuwa ƙonawa nake yi.

Tagar ɗakinsa tana kallon igiyar shanyata, don haka na ga yadda yake aikin fiye da sau ɗari. Yana da ɗan tebur da wani ƙarfe mai baki da ke cije ƙugiya ya riƙe ta a tsaye. Sai ya sa tabarau a kan hanci, ya naɗe ƙugiyar da zare, ya tsaga gashi siriri ya ɗaura, ya naɗe, ya ƙara wani, ya datse da ɗan almakashi. Kafin ruwan shayi ya tafasa sai ka ga fara ta fito, da ƙafafunta da komai, ko shinge mai fukafuki, ko wani ƙwaron da ban san sunansa ba. Shi duk ƙuda yake kiran su. Ya ce yana saurayi ya koya a wurin wani injiniya da ya yi wa kuku, lokacin da ake wani aikin ruwa a yankinsu. Kuma kowane ɗaya, komai launinsa, idan ya zo gamawa sai ya ɗauko jan zare ya zagaya kan ƙwaron sau uku, ya ƙulle, ya ɗan tsaya shiru yana kallonsa. Wannan jan zaren da wannan shirun su suka fi tsaya mini a rai.

Sai kuma masu saye. Ketura ce ke sa hotunan a waya daga Jos, mutane su gani su kira shi. Ina jin sa yana amsawa, yana maimaita sunan gari: Yola, Lokoja, Abuja, Jos. Yakan jera ƙudajen a kwalin ashana a kan auduga, ya naɗe da takarda mai ruwan ƙasa, ya rubuta adireshi da wannan kyakkyawan rubutun nasa na ma'aikatan gidan waya, ran Talata ya kai tasha ya ba direba. Yanzu ku faɗa mini, wane irin mutum ne zai aiko daga Lokoja wurin tsohon da bai taɓa gani ba, yana neman gashin tsuntsu da aka ɗaure da jan zare a jikin ƙarfe? Mun san masu irin wannan aike, kuma mun san wurin wa suke aikawa.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar Asabar. Da gari ya waye zai fita da wata siririyar sanda mai gaɓa uku, ya nufi kogin Ngadda. Wajen azahar ya dawo, wando a jiƙe har gwiwa, fuska sai sheƙi, hannu babu komai. In na ce ina kifin, sai ya ce ya kama goma sha huɗu, ko ya kama tara, ya sake su duka. Wai daɗin a kamun yake. Wata rana na ce to ya taimaka mini da na miya. Ya kawo karfasa biyu, amma da na dube su na ga girmansu ɗaya, sai na yanke cewa a bakin gada ya saya.

Na yi wa maigida maganar a tashe shi ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Amsarsa kullum ita ce, me ya yi miki? Ba don yana son mutumin ba ne a lokacin. Tun da hanyar Baga ta lalace fataucinsa ya mutu, Ba Ajimi ya zama mutumin tabarma. Ya zauna a zaure da carbi daga safe zuwa yamma, abinci sai na tsaya a kansa, magana sai da dalili. Abu ɗaya da ke buɗe masa baki shi ne yi wa Baba Yoila ba'a. Ya sa masa suna Sarkin Ruwan Kwano. A majalisarsu ta ƙofar masallaci ya taɓa cewa, a gaban kowa, daga Ngadda har tafkin Chadi babu kifin da ya kai wautar cin gashin kaza, kuma duk ɗan Bagan da aka gani da wannan sanda to a tuhumi hankalinsa. Aka yi ta dariya. Baba Yoila da labarin ya kai masa shi ma dariyar ya yi, wanda a wurina ya ƙara nuna akwai magana.

Shekarar ambaliya ruwa ya shigo mana har ƙirji. Kowa ya ɗauki abin da ya fi ƙauna ya fita. Ni na ɗauki takardun gida da kaji shida a kwando. Baba Yoila ya bar gado, ya bar rediyo, ya fito da gwangwanayensa a cikin babban baho a ka, yana tafe yana riƙe hannun maigidana don kada ruwa ya ja shi. Mutane suna ta sa masa albarka. Ni bahon nake kallo.

Da muka dawo gida bayan ruwa ya janye, Ba Ajimi ya ƙara lalacewa. Tsohon sikelinsa na awon kifi da yake gogewa duk Juma'a ya yi tsatsa, bai ko dube shi ba. Har na fara tsoron ko rasa shi zan yi ina kallo. Sai kwatsam, bayan 'yan watanni, mutum ya canza. Ran Asabar ya ce mini zai je unguwar Limanti wurin abokinsa Hashim. Ya dawo ya cinye tuwo ya nemi ƙari. Asabar ta gaba ma haka. Ya fara tsokanata, ya fara waƙar masu jirgin ruwa a banɗaki. Ya kamata in yi murna, na kuwa yi ta kwana biyu, sannan na fara lura. Na lura Baba Yoila yana fita, bayan rabin awa maigida ma ya fita. Na lura da laka a takalminsa, alhali Limanti babu irin wannan lakar. Da farko na zaci mace ce, sai na ga babu macen da za ta zauna a cikin laka tana jiran Ba Ajimi. Na lura ya daina cewa Sarkin Ruwan Kwano, ya koma cewa Malam Yoila.

Rannan muna cin abinci ya ce mini ya ba Malam Yoila shagon ƙofar gida, wanda a da yake ajiye kwalayen banda, ya mayar da teburinsa can don ya fi haske. Ya ƙara da cewa ya gaya masa gidan nan gidansa ne, ya zauna iya ransa. Na ajiye lomar da ke hannuna. Yau shago, gobe zaure, jibi sai a ce mu ne 'yan haya. Mutumin da ya yi shekaru yana zagin abu, a wata biyar ya juya haka, ba da bakinsa yake magana ba.

Wata Alhamis ina haɗa hulunansa zan aika wa mai wankin hula. Na ɗauki hularsa zanna mai ruwan toka, wadda ya fi sawa, na sa yatsa a cikin ninkin don in kakkaɓe, sai wani abu ya soke ni. Na janye hannu, jini ya fito a babban yatsana. Na buɗe ninkin. Ga ta nan a soke, an tura ta can ciki inda ido ba ya kaiwa: ƙugiya, da gashin zabona, da jan zare zagaye uku. A daidai inda hular ke zama a kan goshinsa.

Na tsorata, amma ba zan ɓoye ba, har da daɗi na ji. Shekara bakwai ana ce mini me ya yi miki, yau ga shi a hannuna. Ban tambayi maigida ba, don wanda aka yi wa aiki shi ne na ƙarshen sani. Na naɗe hular a cikin zani na ɓoye. Washegari da safe ya tafi ta'aziyya Konduga, yana fita na saka mayafi na nufi gidan Bulaman unguwa.

Bulama dattijo ne mai sanyin hali, ya sha jin ƙarar mata a kan maƙwabta. Ya juya ƙugiyar a hannu, ya ce in bari Ba Ajimi ya dawo a zauna a yi magana. Na ga abin zai tafi a banza. Sai na ce, Bulama, akwai kuma gwangwanaye goma sha ɗaya a rufe da ba ya bari a taɓa, akwai waya siririya da yake yankawa, kuma duk Talata yana kai ƙunshi tasha ana tafiya da shi garuruwa. Nan take fuskarsa ta canza. Garin nan ya ga abin da ya gani na tashin bama-bamai, babu shugaban da zai ji maganar gwangwani da waya da tasha ya ce a jira gobe. Na san haka kafin in buɗe baki. Ban taɓa zargin Baba Yoila da wannan ba ko sau ɗaya, na dai san shi ne zai tayar da Bulama daga kan tabarma.

Da hantsi suka zo, Bulama da 'yan sintiri huɗu. Kafin su gama sallama gidan ya cika da maƙwabta, har kan katanga. Baba Yoila yana shagon da tabarau a hanci. Aka ce ya fito ya tsaya gefe, ya fito. Aka kwaso gwangwanayen aka jera a tsakar gida, aka sa kowa ya ja da baya, babban 'yan sintirin ya riƙa buɗewa da bakin sanda yana kifewa. Na farko gashin zabo. Na biyu gashin wuyan zakara. Na uku na agwagwa, na huɗu ƙugiyoyi a cikin ƙananan takardu, kowace da lambarta. Gashin da ya yi shekaru yana warewa bisa launi da tsawo ya haɗe wuri ɗaya, iska ta ɗebe shi ta watsa a gidan, wani ya maƙale a igiyar shanya, wani ya faɗa tukunyar ruwa. Sai da aka kai ga gwangwani na ƙarshe, ƙarami mai hoton fure, sannan ya ɗaga hannu.

"Wannan ku bari in buɗe muku da kaina."

Maganar ta ƙara sa su zargi. Aka buge murfin aka kife. Ƙananan sandunan jan zare ne, wajen ashirin, da wani tsohon almakashin ɗinki. Tsakar gidanmu tana da gangare, sai zaren ya gangara yana warwarewa, yawancinsa ya faɗa kwatar da ke fitar da ruwan kejin kaji.

Babu abin tsoro a ciki, kowa ya gani. 'Yan sintirin suka fara duban juna. Ni kuwa na matsa na tuna wa Bulama hular. Ya ɗaga ta sama, ya zaro ƙugiyar, ya tambayi Baba Yoila ko aikinsa ne. Ya ce aikinsa ne. Aka ce to yaya aka yi ta shiga hular mai gidan da yake haya? Ya dubi taron, akwai 'yan majalisar ƙofar masallaci kusan biyar a ciki. Sannan ya ce wannan ba maganarsa ba ce, a jira Ba Ajimi. Aka juya tambayar ta kowace fuska, amsarsa ɗaya. Mata suka fara salati ƙasa-ƙasa. Na ji wata tana cewa ashe Ya Aisa ta daɗe tana faɗa, na ji kaina ya ƙara girma.

Bulama ya ce to aƙalla ya nuna wa jama'a abin da ake yi da su. Baba Yoila ya sa aka fito da teburinsa. Ya sunkuya ya tsinci gashi uku a ƙasa, ya hure ƙurar, ya cije ƙugiya a ƙarfen. Ya naɗa, ya ɗaura, ya datse, sai ga fara. Da ya zo ƙullin ƙarshe ya miƙa hannu inda jan zaren yake zama, ya tarar babu, sai ya ƙulle da wanda ke hannunsa. Ya nemi kwano da ruwa ya ɗora ta a kai. Ta zauna a saman ruwan ba ta nutse ba, ya ɗan ja zaren sai ta motsa kamar mai shirin tashi. Kafin wani ya yi magana, wata kazata ja, uwar kwaɗayi, ta ratso ƙafafun mutane ta kai mata sara. Da ƙyar ya fizge ta kafin ta haɗiye ƙugiyar. Gidan ya fashe da dariya, har Bulama. Ni ban yi ba. Na ce a raina kaza ba kifi ba ce, kuma har yanzu ba a amsa maganar hula ba.

Ana cikin haka Ba Ajimi ya yi sallama, sun dawo da wuri. Ya tsaya a bakin zaure ya dubi gashin da ya rufe gidan, ya dubi gwangwanayen a kife, ya dubi hularsa a hannun Bulama, sannan ya dube ni. Tunda aka kawo ni gidan nan bai taɓa yi mini irin wannan kallon ba. Bulama ya yi masa bayani a taƙaice. Ya karɓi hular, ya daɗe yana juya ta.

"Ni na soke ta," in ji shi. "Idan ƙuda ya jiƙe, a hula ake soke shi ya bushe. Malam Yoila a waje yake soke nasa. Ni na tura nawa ciki don kada waɗannan su gani." Ya nuna 'yan majalisarsu da haɓa. "Wata biyar ke nan ina bin sa kogi. Da wannan na kama karfasa, kifin farko da ya motsa a hannuna cikin shekara goma sha ɗaya. Na sake ta kuma. Ku yi dariyar, na ji."

Ba a yi dariyar sosai ba. Wani ya ce ashe ɗan Baga ya shiga makaranta, aka ɗan murmusa, aka bari. Bulama ya ba Baba Yoila haƙuri da bakinsa, ya sa 'yan sintiri su tattara kayan, ya ce mini in riƙa auna magana kafin in kai ta gabansa. Mutane suka watse suna waiwayena. Ko a lokacin, wallahi, akwai wani ɓangare na zuciyata da ke cewa ai dama haka wanda aka yi wa aiki zai faɗa.

Da gidan ya yi shiru na fito ɗebo ruwa, sai na tarar da Baba Yoila a durƙushe a bakin kwata, dattijo mai shekara kusan saba'in, ya naɗe hannun riga yana lalubo zaren a cikin ƙazantar kaji. Yana fitarwa yana jerawa a kan bulo. Na tsaya da bokiti a hannu. Na ce masa, don in ce wani abu, ai irin wannan zaren yana nan cike a kasuwa, zan sa a sayo masa.

Bai ɗago ba. "Na Phebe ne, Ya Aisa. Shi ya rage a cikin keken ɗinkinta ranar da ta rasu. Ina sa kaɗan-kaɗan ne don ya kai ni."

Ban san lokacin da na ajiye bokitin ba. Na durƙusa zan taya shi, ya ce in bari, kada in ɓata zanina. Ya wanke su a famfo, ya shanya a taga. Kwana uku ina ganinsu a wurin, jan ya koma ruwan ƙasa.

Bayan mako biyu ya ce zai koma Jos wurin Ketura. Ba Ajimi ya roƙe shi, ya kai masa Bulama, ya kai masa limamin unguwa, har faston su Baba Yoila ya je ya samu. Ni ma na je, na tsaya a ƙofar shagon na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun ranar, kuma na yarda da gaske yake. Sai ya ce:

"Da kin zo kin ce mini in tashi, da na tashi ba tare da kowa ya ji ba. Maganar asiri ba ta dame ni ba, na san kin yarda da ita. Amma maganar tasha, Ya Aisa, ke ma kin san ba haka ba ne."

Ran Talata ya tafi, a motar direban da ya saba kai wa saƙo. Ya bar wa maigida sandar mai gaɓa uku.

Sandar ta yi wata huɗu a jingine a zaure. Ba Ajimi bai yi mini faɗa ba, bai ɗaga mini murya ba, ya dai koma kan tabarmarsa da carbinsa, abinci sai na tsaya a kansa. Da na ce ya je kogin mana, sai ya ce ƙudan da yake da shi ɗaya ne, kuma ya ga abin da ya jawo.

Na fara tara gashi. Duk zabon da na yanka sai in cire na wuya da na ƙirji, masu ɗigo-ɗigon, in wanke, in shanya, in ware manya da ƙanana yadda na sha gani ta taga. Har na baƙar kaza na haɗa. Da ya cika leda na nemi lambar Ketura a wayar maigida, na kai tasha da kaina na ba direban. Ya dube ni ya dubi ƙunshin, ya tambaye ni mene ne a ciki, har sai da na kwance masa ya gani.

Kwana goma sha biyu bayan nan direban ya kira, na je tasha na karɓo saƙo. Ƙunshi ne a takarda mai ruwan ƙasa, da sunan Ba Ajimi a wannan rubutun da na sani. Hali ba ya barin mutum, tun a cikin keke na buɗe. Kwalin ashana biyu ne da 'yar wasiƙa. Ya gai da maigida, ya gai da Bulama, ya ce a gaya wa Ya Aisa gashin ya yi kyau, an ware shi daidai, ya gode. Ya ce yanzu lokacin shinge ne, Ba Ajimi ya fara gwada ƙananan a inda ruwa ya kwanta, kusa da ciyawa.

Na buɗe kwalayen. Ƙudaje goma sha biyu a kan auduga, na gane gashin zabina a jikinsu. Na ɗauki na farko na duba kansa, kamar yadda na saba dubawa shekara bakwai. Na ɗauki na biyu. Mai keke ya tsaya a ƙofar gida yana jira in sauka, ni kuwa ina ta juya su a tafin hannu ɗaya bayan ɗaya, ko zan ga ya tsira da ko sanda ɗaya daga cikin waɗanda ya wanke. Duka goma sha biyun da baƙin zare ya ƙulle su.